Yadda za ka zaɓi kyamara ko waya kafin ka hau balan-balan a Kapadokiya

Masu zuwa Turkiyya yawon buɗe ido kan ware kwana biyu ko uku su leƙa Kapadokiya, yankin duwatsun nan masu kama da rumbuna da ke kewayen garin Göreme, don su hau balan-balan mai tashi da iska mai zafi. Tashin ba ya wuce kimanin awa ɗaya, kuɗinsa kuma ba kaɗan ba ne, kuma in iska ta yi ƙarfi hukumar jiragen sama ta ƙasar kan soke shi gaba ɗaya. Saboda haka wanda ya samu ya tashi, gara ya je da abin ɗaukar hoton da ya dace.

Da farko, ka san inda za ka tsaya. Kwandon da ke rataye a ƙarƙashin balan-balan, wanda fasinjoji ke shiga, an raba shi gida-gida, kowane gida mutum huɗu ko biyar a tsaye, kafaɗa da kafaɗa. Babu wurin ajiye jaka, babu wurin kafa ƙafar kyamara, babu sararin da za ka sunkuya ka canza madubi, wato idon kyamara. Duk abin da ya suɓuce maka kuwa ya tafi ke nan. Wannan kaɗai ya isa ya rage maka kaya: na'ura ɗaya a hannu, wata ƙarama a aljihu.

Na biyu, ka duba haske. Ana ɗaukar fasinjoji daga masauki tun da duhu (ka tsara yadda za ka yi sallar asuba), ana hura balan-balan ɗin kafin gari ya waye, a tashi daf da fitowar rana. Hotunan da suka fi kyau, wato harshen wuta yana haskaka cikin balan-balan da kuma jan sararin gabas, duk a cikin ƙarancin haske ake samunsu. A nan ne waya mai arha ke ba da kunya, hoto ya fito da dishi-dishi. Kada yawan megafiksel da aka rubuta a kwali ya ruɗe ka. Ka gwada wayar da kanka bayan magariba a ƙofar gida, ka ɗauki mutum yana tafiya. In fuskarsa ta fito sarai, za ta yi maka aiki a sama.

Na uku, kuma a ganina shi ne mafi muhimmanci, shi ne jawo nesa kusa. Kana buƙatar ido iri biyu. Mai faɗi, wanda waya ke nunawa da 0.5x, shi zai haɗa maka kwando da fuskokin mutane da cikin balan-balan a hoto ɗaya. Mai jawowa, 3x ko 5x, shi zai kamo sauran balan-balan da ke nesa, waɗanda a rana mai kyau sukan haura ɗari, ya jera su a kan kwazazzabai. Sai dai a lura: wayoyi da yawa na da idanu uku a baya amma babu mai jawowa na gaske a cikinsu, suna faɗaɗa hoton ne kawai har ya lalace. Ka tambayi mai shago ko akwai idon telefoto, ka kuma gwada a gabansa. Manyan wayoyin Samsung Galaxy S Ultra da iPhone Pro suna da shi, haka ma wasu daga cikin manyan wayoyin Tecno.

In kyamara za ka ɗauka, ƙarama marar nauyi ta Sony, Canon, Nikon ko Fujifilm da madubi ɗaya tal, 24-105mm ko makamancinsa, ta wadatar. Tun a ƙasa ka saita saurin ɗauka kusan 1/250 na daƙiƙa, ka bar ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke karɓar haske, ya daidaita kansa, in rana ta fito ka ƙara zuwa 1/500. Balan-balan ba ya girgiza kamar mota domin tare da iska yake tafiya, amma matuƙi kan riƙa juya shi a hankali don kowa ya ga kowane ɓangare, kuma maƙwabcinka zai ture ka. Doguwar bindigar madubi irin ta masu ɗaukar wasan ƙwallo, bar ta a masauki. Ita ta fi dacewa da gandun dajin Masai Mara a Kenya, inda dabbobi ake hange a ƙasa.

Na huɗu, igiya. Kyamara a rataye a wuya, waya da maɗaurin da ke zagaye wuyan hannu. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Sandar ɗaukar hoton kai (selfi) da ƙananan kyamarori irin su GoPro, ka tambayi matuƙi kafin ka miƙa su waje.

Sai batir. Kapadokiya tudu ce, tana sama da mita 1,000 daga teku, asubarta da sanyi ko da bazara, da hunturu kuwa har ƙanƙara take zuba. Sanyi na shanye batir da wuri, don haka ka cika caji da daddare, ka sa na ajiya a aljihun ciki kusa da jiki. Ka share tsofaffin bidiyo don samun wuri, ka goge idon wayar da ƙyalle mai laushi. Hula za ta kare ka daga zafin wutar da ke ruri a saman kanka, mata kuma su ɗaure mayafi sosai kada ya riƙa faɗowa gaban kyamara.

Idan matuƙi ya ce a yi shirin sauka, hoto ya ƙare. Za a ce ka durƙusa ka kama igiyoyin cikin kwando da hannu biyu, domin wani lokaci kwandon kan bugi ƙasa ya ja, har ya kwanta. Ka cusa kyamarar cikin rigar sanyi ka ja zif, waya kuma ta koma aljihu tun kafin a kai ga haka.