Yadda za ka gano asalin tsohuwar gingimari

A bayan garejin kawuna a Bukuru akwai wata tsohuwar gingimari da ta daɗe a zaune, tayoyi sun nutse, kaji na saka ƙwai ƙarƙashin kujerar direba. Kowa Bedford yake ce mata. Ranar da na sa burushin waya da kananzir na goge farantin jikinta, sai ga haruffa uku: AWD.

In kana son sanin asalin irin wannan mota, kada ka yarda da tambarin goshi. Kanikawanmu sun saba cire na wannan su dasa wa waccan, bodin katako kuwa aikin kafinta ne na gida. Nemi ɗan farantin ƙarfe mai sunan kamfani da lambar shasi, yawanci yana cikin gidan direba ko a jikin shasin. Goge a hankali. Ban da samfefa, tana cinye lamba tare da tsatsar. In rubutun ya dushe, haska tocila ta gefe, ko ka ɗora takarda ka murza fensir, sannan ka ɗauki hoto.

Inji ma kada ya ruɗe ka. A da, ƙananan kamfanoni da yawa ba sa ƙera nasu, saye suke daga Perkins, Gardner ko Cummins.

Da ka samu suna, sai ka bi wa ya haɗiye wa, don nan ne daɗin aikin yake. Tamu dai ga labarinta: a 1987 General Motors ya sayar da masana'antar manyan motocin Bedford da ke Dunstable a Ingila, wani kamfani mai suna AWD ya saya ya ci gaba da ƙera su kusan yadda suke. A 1992 ya durƙushe. Shekara biyar kacal! Kamannin nan ne ya sa ido ba ya rabe AWD da Bedford. Kamfanin Albion na Glasgow kuwa Leyland ne ya saye shi a 1951, kamfanin Guy ya koma hannun Jaguar a 1961. Haka sunaye ke ɓacewa, motocin na nan suna jigila.

Duba kuma ko a gida aka haɗa ta: Steyr a Bauchi, Leyland a Ibadan, Fiat a Kano, Mercedes a Enugu.

Kafin ka shiga intanet, je Dilimi a Jos wajen dattawan masu kayan gyara. Gaida su da kyau, kada ka zo kamar mai ciniki. Wani dattijo da na nuna wa hoton, na ce, "Baba, ka san wannan?" Ko tabarau bai sa ba ya ce, "Ai 'yar Bedford ce, kayan uwarta na shiga jikinta."

Na koma na kwashe wa kawu labari kaf. Ya gyaɗa kai, ya aiki yaro ya kwaso ƙwai daga Bedford.