Yadda ake ɗaukar awon turoponin da karanta shi ga mai ciwon ƙirji

Mutum ya zo da ciwon ƙirji, an ɗebi jininsa nan take, sakamako ya fito babu komai, sai a ce olsa ce a sallame shi. Sau da yawa ba injin ba ne ya yi ƙarya, gaggawar ɗiban jinin aka yi. Dalilin yana cikin ƙwayar tsokar zuciya kanta.

Tsawon ƙwayar wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita ne. A cikinta akwai zare iri biyu, aktin da mayosin, jere kamar saƙa, kuma jan junan da suke yi shi ne bugawar zuciya. Turoponin makulli ne da ke zaune kan aktin, gida uku gare shi: C da I da T. Kalsiyam na shigowa sai ya kama C, makullin ya buɗe, mayosin ya ja. I da T na zuciya sun sha bamban da na tsokar hannu ko ƙafa, shi ya sa su ake aunawa. Kusan sulusin ƙwayar mitokondiriya ne, masu samar mata da ƙarfi daga oksijin, ba ta kuma da wani rumbun ajiya na kirki. Jijiyar da ke kai mata jini na toshewa, cikin minti ɗaya zuwa biyu ta daina motsi, bayan minti 20 zuwa 30 ta fara mutuwa, fatarta ta yage. Ɗan turoponin da ke yawo a sake shi ke fara tsiyayewa cikin jini, mafi yawansa kuwa a ɗaure yake jikin zare, sai a hankali yake kwancewa. Saboda haka awo na yau da kullum ba ya ganinsa sai bayan awa 3 zuwa 6, ya kai ƙololuwa wajen awa 24, I ya daɗe kwana 7 zuwa 10, T har mako biyu. Ƙwayar da ta mutu kuma tabo ke maye gurbinta, tabo kuwa ba ya bugawa.

To, kafin a taɓa allura, a tambayi lokacin da ciwon ya fara. Mutanenmu da salla suke ƙirga lokaci, don haka "baba, kafin la'asar ne ko bayanta?" ta fi "ƙarfe nawa?" samo amsa. A rubuta lokacin a takardar awo. A yi ECG, wato awon lantarkin zuciya, cikin minti 10 da isowarsa. In layin ST na takardar ECG ya ɗaga, alamar toshewar jijiyar zuciya, ba a jiran turoponin: a ba shi asfirin miligiram 300 ya tauna, muddin likita bai ga abin da zai hana ba, a shirya kai shi inda ke da likitan zuciya, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. Daga Bajoga ko Kaltungo tafiya ce, kada jiran sakamako ya ƙara cin lokaci.

Wajen ɗiban jini, kada ɗaurin hannu ya wuce minti ɗaya, kada kuma a ɗiba daga hannun da ake ƙarin ruwa. Mililita 3 zuwa 5 sun isa. A cire allura kafin a zuba jinin a kwalba, domin tura shi da ƙarfi ta bakin allura na farfasa jajayen ƙwayoyi, fasasshen jini kuma yana iya rage sakamakon T. In ruwan jinin ya fito ja-ja bayan an juya shi a inji, a sake ɗiba, babu wata dabara. Kwalba mai koren murfi, a kifa ta a hankali sau takwas. Mai jan murfi kuwa a bar ta minti 30 jinin ya daskare kafin a juya ta minti 10 a inji. Wanda ya yi gajen haƙuri, zaren daskarewa zai saura a ruwan, injin ya karanta shi kamar turoponin.

Ƙaramin kaset ɗin awon gaggawa yana da nasa tarkon. Yawancinsu ana ajiye su tsakanin digiri 2 zuwa 30, zafin Gombe kuwa a Maris da Afrilu yakan kai 40. A sa su a firji, ba ɓangaren ƙanƙara ba, a fito da su sanyin ya sake su kafin aiki. A karanta daidai mintin da kamfani ya rubuta, in layin C na kaset, mai nuna cewa kaset ɗin ya yi aiki, bai fito ba, awon ya ɓaci. Kaset ba ya ganin ƙaramin rauni, don haka layi ɗaya, wato sakamakon babu komai, a awa biyu da fara ciwo ba ya wanke kowa.

Awo na biyu shi ne ainihin aikin. Da inji mai kaifin gani, a maimaita bayan awa 1 zuwa 3. Da na yau da kullum ko kaset, bayan awa 3 zuwa 6, kuma lallai wani awon ya faɗo bayan awa 6 da fara ciwon. Abin dubawa shi ne motsi, hawa ko sauka. In na farko dama yana sama da iyaka, canjin da ya wuce kashi 20 cikin ɗari na nuna sabon rauni. A kula da ma'auni: iyakar T a injin kamfanin Roche mai kaifin gani 14 ng/L ce, wato 0.014 ng/mL, kuma ba a kwatanta sakamakon I da na T, ko na injina biyu daban.

Turoponin yana cewa ƙwaya ta ji rauni ne kawai, ba ya faɗin abin da ya raunata ta. Mai ciwon ƙoda na iya zama da shi a sama wata da watanni ba ya motsi. Haka yake hawa ga mai hawan jinin da ya gajiyar da zuciya, da mai ƙarancin jini mai tsanani, da wanda cuta ta bazu a jininsa, da mai jegon da zuciyarta ta kumbura, wadda ba baƙuwa ba ce a asibitocin Arewa. Irin waɗannan hoton zuciya suke bukata da maganin tushen matsalar. A kuma tambayi mata ko suna shan ƙwayar biyotin ta gyaran gashi da fata, domin mai yawa tana sa wasu injina su nuna sakamako ƙasa da yadda yake.