Kurakuran da ke sa a watsar da takardar mai neman aiki tun kafin a ga fuskarsa

Idan aka tambayi matashin da ya daɗe yana neman aiki a Nijeriya me ya hana a ɗauke shi, amsar da ta fi saurin zuwa bakinsa ita ce ba shi da uban gida. Akwai gaskiya a cikin maganar, domin alfarma ta yi katutu a harkar ɗaukar ma'aikata, kuma masu nema sun fi guraben da ake da su yawa nesa ba kusa ba. Sai dai jingina komai ga rashin hanya yana sa mutum ya kau da kai daga abin da ke hannunsa, alhali takardu da dama suna faɗuwa ne tun a matakin tantancewa na farko, saboda kurakuran da mai su zai iya gyarawa da kansa.

Babban cikinsu shi ne saɓanin suna da ranar haihuwa. Za ka tarar da mutum ɗaya yana Muhammad a sakamakon WAEC ko NECO, Mohammed a takardar digiri, sannan a lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN an ƙara masa sunan garinsu a matsayin suna na uku. Ranar haihuwa kuwa ta fi rikitarwa, domin da yawa daga cikinmu malamin firamare ne ya ƙiyasta mana ita a ranar da aka sa mu makaranta, daga baya kuma muka rubuta wata daban a banki. A da, jami'in da ke duba takardu yana iya fahimta ya yi uzuri. Yanzu hukumomi da yawa sun koma karɓar bayanai ta intanet, wasu kuma suna haɗa su kai tsaye da rumbun hukumar NIMC mai bayar da lambar NIN, kuma na'ura ba ta san uzuri ba. Maganin shi ne mutum ya baje dukkan takardunsa, tun daga shaidar firamare har zuwa takardar asalin ƙaramar hukuma, ya gwada su harafi da harafi. Inda ya ga bambanci sai ya nemi gyara a hukumar da ta bayar, ya haɗa da takardar rantsuwa ta kotu, idan kuma canjin suna ne ya buga sanarwa a jarida. A yi wannan tun ba a buɗe shafin ɗaukar aiki ba, domin gyaran yakan ɗauki lokacin da ya wuce wa'adin da ake bayarwa.

Rage shekaru da gangan domin shiga ƙa'ida wani abu ne daban, kuma ina ganin kasadarsa ta fi ribarsa, tunda shaidar firamare kaɗai ta isa ta tona asiri. Haka ma takardar hidimar ƙasa. Dokar NYSC, shirin da aka kafa a 1973, ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya nemi shaidar kammalawa ko ta yafewa daga wanda ya gama karatun digiri, kuma wanda ya haura shekara 30 a lokacin da ya kammala yana da haƙƙin karɓar ta yafewa ta halastacciyar hanya. A 2018 ministar kuɗi Kemi Adeosun ta ajiye muƙaminta bayan ta bayyana cewa takardar yafewar da ke hannunta ta jabu ce. Idan irin wannan takarda ta iya raba minista da kujerarta, ƙaramin ma'aikaci ba shi da inda zai ɓuya.

Wani kuskuren da ke ba ni takaici ƙwarai shi ne miƙa komai ga mai shagon intanet. Mai nema zai ba da takardunsa ya koma gefe, mai shago kuma, saboda layin da ke gabansa, ya cike da adireshin imel ɗinsa ko lambar wayarsa. Ranar da aka turo gayyatar jarrabawa, can take zuwa, mai ita kuwa yana gida yana cewa an hana shi. Ko da wani ne zai taya ka cikewa, ka zauna kusa da shi, ka ba da imel da lambarka, ka karanta kowane layi kafin a tura, sannan ka riƙa duba saƙonninka kullum.

Takardar CV, wato taƙaitaccen tarihin karatu da aikin mutum, ita ma tana kayar da mutane. Guda ɗaya ake rubutawa, sau da yawa ma kwafowa aka yi daga ta aboki, a aika wa banki da makaranta da ƙungiyar agaji ba tare da canza ko kalma ba. Mai dubawa yana neman abin da ya dace da gurbin da ya tallata ne, don haka a karanta sanarwar da kyau, a fito da abin da ya shafe ta a sama. Maimakon mutum ya rubuta cewa shi mai ƙwazo ne, gara ya faɗi ajin da ya koyar a lokacin hidimar ƙasa, ko yadda ya riƙe lissafin shagon mahaifinsa. Shafi biyu sun wadatar.

Wanda ya tsallake zuwa ganawa ido da ido yakan haɗu da wata matsala mai tushe a tarbiyyarmu. An koya mana kunya da sunkuyar da kai a gaban manya, da ƙin yabon kai, kuma waɗannan halaye ne na gari. Amma masu tantancewa, musamman waɗanda suka fito daga wasu sassan ƙasar, suna iya ɗaukar amsa da kalma ɗaya da kallon ƙasa a matsayin rashin sanin aiki. Faɗin abin da ka iya a inda aka tambaye ka ba girman kai ba ne. Ka yi bincike kan ma'aikatar kafin ranar, ka gwada amsa tambayoyi da ƙarfi a gaban wani, ka yi amfani da Ingilishi mai sauƙi da ka mallaka. Idan jarrabawar ta kwamfuta ce, ka saba da linzami da allon rubutu tun da wuri.

Sai kuma masu sayar da gurbi. Rundunar 'yan sanda da hukumar da ke ɗaukar jami'an shige da fice da na kashe gobara da na gidajen gyaran hali sun sha nanata cewa neman aikinsu kyauta ne. Duk wanda ya ce a tura kuɗi zuwa asusunsa domin ya sa suna, a tabbatar da sanarwar a shafin hukumar mai ƙarewa da gov.ng, a kuma kai rahotonsa ga jami'an tsaro.