Yadda na haɗa guntayen bidiyo hoton bai dushe ba

Alhamdu lillahi, aikin ya kammala. Kyamarar da muka ɗauki walimar saukar Alƙur'ani da ita tana yanke bidiyo duk lokacin da fayil ya kusa 4GB, saboda katin ajiyarta na tsarin FAT32 ne, wanda ba ya ɗaukar fayil ɗin da ya wuce haka. Sai na tashi da guntaye, mai walima kuma fayil guda yake so.

Manhajar tace bidiyo ta haɗa su, amma fuskoki suka dushe, aikin da ke wuyan babbar riga ya dame. Da na ɗaga inganci, fayil ya kumbura ya zarce jimillar guntayen, domin sake matse hoton take yi tun daga farko. Umarnin copy /b na Windows, mai manna fayiloli wuri guda, shi ma bai yi ba, guntun farko kaɗai ya kunnu.

FFmpeg ne ya raba gardama, manhajar sarrafa bidiyo ce da ake rubuta wa umarni, kuma kyauta ce. Na fara duba kowane guntu da ffprobe, abokin FFmpeg mai nuna bayanan fayil, na ga duk tsarin hotonsu H.264 ne, girmansa 1920x1080, tsarin sauti AAC. Wannan duban wajibi ne, in suka saɓa haɗin ba zai zauna ba. Sannan na buɗe Notepad na jera su bi da bi, kowanne a layinsa:

file 'guntu1.mp4'
file 'guntu2.mp4'

Na adana da sunan jeri.txt a inda guntayen suke, na buga wannan umarni:

ffmpeg -f concat -safe 0 -i jeri.txt -c copy walima.mp4

Wannan -c copy ɗin shi ne aikin, kwafe hoto da sauti yake yi yadda suke. Cikin 'yan mintoci ya gama, girmansa kusan daidai da jimillar guntayen. Filashin da zan zuba bidiyon a ciki kuma sai da na mayar da shi tsarin exFAT, mai ɗaukar fayil ɗin da ya wuce 4GB, kafin ya karɓi fayil ɗin.