Kurakuran da ke sa manhajar kiɗa ta riƙa kawo maka waƙoƙin da ba ka so

Mutane da yawa suna ƙorafin cewa Spotify ko YouTube Music ba sa gane irin waƙar da suke so, alhali sau da yawa su ne da hannunsu suka koya wa manhajar abin da take kawo musu. Kuskure na farko, wanda shi ne uwar sauran, shi ne zaton cewa na'urar da ke zaɓo maka waƙoƙi a cikin manhajar tana sauraron waƙa kamar mutum, ta ji baiti ta fahimci ma'anarsa. Abin da ta fi dogara da shi shi ne ɗabi'ar masu saurare: idan dubban mutanen da suka saurari wata waƙa sun bi ta da wata, ko suka haɗa su a jeri guda, sai ta ɗauke su a matsayin 'yan'uwa, ko da ɗaya ta kalangu ce ɗayar kuma ta fiyano. Bayan haka tana auna sautin kansa, kamar saurin kiɗa da ƙarfinsa, tana kuma la'akari da abin da aka rubuta game da mawaƙin a intanet. Spotify ta ƙarfafa wannan ɓangaren da ta sayi kamfanin The Echo Nest a 2014, sannan a 2015 ta fito da Discover Weekly, jerin waƙoƙi 30 da ake sabunta wa kowane mai amfani duk ranar Litinin.

Wanda ya gane haka zai ga illar kuskure na biyu, wato barin kowa ya yi sauraro da asusunsa. Na ga wannan a kaina lokacin bikin ƙanwata, da aka karɓi wayata aka jona da lasifika tun bayan la'asar har dare ya raba, 'yan mata suna ta canza waƙoƙin rawa. Makonni bayan an watse, duk lokacin da na buɗe manhajar ina neman tsofaffin waƙoƙin kuntigi da nake so, waƙoƙin amarya ne suke tarbata, domin a wurin na'urar ni ne na yi wannan sauraron. Maganinsa mai sauƙi ne. Kafin ka miƙa wayar, ka kunna zaɓin saurare a keɓe, wanda Spotify take kira Private Session. A YouTube kuwa ka dakatar da adana tarihin kallo. Idan an riga an yi ɓarnar, ka shiga tarihin na YouTube ka goge abin da ba naka ba, a Spotify kuma akwai damar cire jerin waƙoƙi daga cikin abin da ake auna zaɓinka da shi.

Akwai kuma masu yin shiru a kan abin da ba sa so. Spotify tana lissafa waƙa a matsayin wadda aka saurara da zarar ta kai daƙiƙa 30, saboda haka wanda ya bar waƙa ta gama don ƙyuyar ciro waya daga aljihu, ko wanda barci ya kwashe shi kiɗa yana ta tafiya har asuba, ya ba da shaidar da ba gaskiya ba. Ka tsallake waƙar da wuri, ka ɓoye ta idan ta ci gaba da dawowa, kuma ka saita lokacin da kiɗan zai kashe kansa da dare.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne miƙa wuya gaba ɗaya ga abin da aka zaɓo. Duk waƙar da ka karɓa daga manhajar tana ƙara mata tabbacin cewa ta yi daidai, sai da'irar ta riƙa ƙuntata har ka wayi gari mawaƙa biyar kawai kake ji. Ka riƙa rubuta sunan mawaƙi da kanka kana nema, ka adana abin da ya burge ka, ka kuma haɗa jerinka da hannunka.

Su ma mawaƙanmu suna da nasu laifin. Sabuwar waƙa ba ta da tarihin masu saurare, don haka bayanan da aka ɗora ta da su suna da nauyi ƙwarai a kwanakin farko. Idan an rubuta sunan mawaƙi iri uku a wurare uku, ko aka bar gurbin harshe da na nau'in kiɗa babu komai, masu sauraronsa sai su rarrabu, na'urar ta kasa haɗa su. Mafi muni shi ne sayen sauraron bogi, domin asusun ƙarya ba su da wani zaɓi na haƙiƙa da za a kwatanta da na mutane, sai a riƙa tura waƙar ga waɗanda ba ruwansu da ita, ban da hatsarin a cire ta daga manhajar gaba ɗaya. Mawaƙi ya tsaya a kan rubutun suna guda a ko'ina, ya cike kowane gurbi kafin ya saki waƙa, ya kuma roƙi masoyansa na gaskiya su adana ta a makon farko.