Darasi na Bakwai: Masai Mai Ruwa da Famfon da Ƙarfinsa Ya Ragu

Idan kun koma gida yau, ku shiga banɗaki ku duba bayan masai, ƙasa kusa da bango. Za ku ga siririn bututu ya fito daga bango ya hau zuwa ƙaramin tankin masai. A jikinsa akwai ɗan abu mai kama da kan famfo. Sunansa makullin ruwa.

Ana rufe shi ne ta murɗawa zuwa dama, daidai yadda kuke rufe murfin jarka. Dama rufewa, hagu buɗewa. Ku faɗa da baki sau uku. Kada kowa ya ji kunya, nan ne mafi yawan ɗalibaina suke tuntuɓe. Bayan kun rufe, ku ja hannun tankin ruwan ya zube, sannan ku kasa kunne. Idan ba ku ji ƙarar shigar ruwa ba, ya rufu. Idan kun ji, ku ƙara murɗawa dama, a hankali, da hannu kawai, ban da filaya.

Kashi na 1: Ruwa ba ya daina zuba

Ku ɗaga murfin tankin da hannu biyu. Tangaran ne, yana fashewa, ku kwantar da shi a kan tsumma. A ciki akwai ƙwallon roba a bakin wata 'yar sanda. Ruwa na cika, ƙwallon na tashi, idan ya kai sama sai ya tsayar da ruwan. Akwai kuma bututu a tsaye mai buɗaɗɗen baki. Ya kamata ruwa ya tsaya kamar yatsa biyu ƙasa da bakinsa.

Ku ɗaga ƙwallon da yatsa. Idan ruwa ya tsaya, saiti ne ya ɓaci ko kuma ƙwallon ya huje. To yanzu me za a fara yi? A rufe makulli. Ta wane ɓangare? Dama. A ja hannu, a saurara. Sai bayan haka ku ɗan sunkuyar da sandar ƙasa, ko ku juya ɗan dunƙulen saitin da ke gindinta. Ku kwance ƙwallon ku girgiza. Idan akwai ruwa a cikinsa ya huje, sai sabo.

Idan ƙwallon lafiya lau ne, saura robar da ke toshe ramin ƙasan tankin. Ku buɗe makulli tanki ya cika, ku zuba bula kaɗan, irin ta wanki, ku jira minti 20 ba tare da an ja ruwa ba. Idan shuɗi ya bayyana a cikin masai, robar ta ci. Ku rufe makulli, ku cire ta, ku tafi da ita kasuwa a hannu don a ba ku irinta.

Na ce ku rufe makulli. Wani dattijo a ajinmu ya murɗa hagu yana zaton ya rufe, ya kwance bututu, ruwa ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya jiƙa masa katifa da rabin buhun gero. Na sha faɗa, amma kullum sai an sami mai gaggawa. Haba jama'a! Murɗawa da saurarawa ba su kai minti ɗaya ba. Wanda ba zai yi ba, ya bar gyaran ya kira mai gyaran famfo.

Kashi na 2: Masai ya toshe

Kada ku sake jan ruwa, ambaliya zai yi. Ku rufe makulli, dama. Ku kifa robar nan mai sanda, wadda ake buɗe toshewar masai da ita, a bakin ramin masan, ruwa ya rufe kanta, ku danna ku ja kamar sau 15. Ku hana jefa leda, tsumma da audugar mata. Idan duk magudanun gidan suna dawo da ruwa, wataƙila sokawe ne ya cika.

Kashi na 3: Ƙarfin ruwa ya ragu

Idan famfo ɗaya ne, ku kwance 'yar rariyar da ke bakinsa ku wanke yashi. Idan duk gidan ne, ku leƙa tankin sama, wataƙila ya ƙare. Idan an cika shi amma famfo na tari yana tofar da ruwa, iska ce ta shiga bututu. Ku buɗe duk famfunan ta fita. Tankin da ba shi da tsawo daga ƙasa ba ya ba da ƙarfi.

Aikin gida: Ku rufe makulli ku buɗe sau biyar.