Yadda Ake Tsara Manufar Noma da Za Ta Kare Halittun Gona Ba Tare da Rage Abinci Ba

Duk wanda aka ɗora wa nauyin tsara manufar noma, ya kamata ya fara da cire tunanin cewa kare halittun gona da wadata ƙasa da abinci kishiyoyin juna ne. Ƙudan zuma da sauran ƙwarin da ke kai garin fure daga wannan fure zuwa wancan, da tanar da ke sassauta ƙasa, da tsuntsayen da ke cinye tsutsa, duk ma'aikatan gona ne, kuma kusan kashi 75 cikin 100 na nau'o'in amfanin gonar da duniya ke ci suna amfana da aikin masu kai garin fure.

Wurin da ya fi dacewa a fara shi ne kuɗin tallafi, domin manomi ya fi bin abin da gwamnati ke biya fiye da abin da take faɗa. A bi diddigin kowane tallafi, a ga ɗabi'ar da yake haifarwa a gona. Indonesiya ta daɗe tana rage wa manoman shinkafa farashin maganin ƙwari, suka riƙa fesawa babu ƙaƙƙautawa, har maganin ya kashe gizo-gizo da sauran ƙwarin da ke cinye maɓarnata, sai wani ƙwaro mai tsotse ruwan shinkafa ya sami sarari ya yi ɓarna. A 1986 gwamnatin shugaban ƙasar, Suharto, ta haramta magunguna 57 a gonakin shinkafa, daga baya ta janye tallafin, aka buɗe makarantun manoma a cikin gona inda suke koyon bambanta ƙwaro mai amfani da mai cutarwa, kuma noman shinkafa bai durƙushe ba. Wannan hanya ba ta bukatar sabon kasafi, kuɗin da ake kashewa ne kawai ake sauya wa alƙibla. Yarjejeniyar kare halittu da ƙasashe suka cimma a birnin Montreal na Kanada a 2022 ma ta nemi a rage tallafin da ke cutar da halittu da dala biliyan 500 a shekara kafin 2030.

Sai dai a guji gaggawa, domin a nan ne kyakkyawar niyya ta fi jawo yunwa. A watan Afrilun 2021 Sri Lanka ta hana shigo da takin zamani dare ɗaya, alhali ba ta tanadi isasshen takin gargajiya ba, kuma ba ta horar da manoma ba. Shinkafa da ganyen shayi suka ragu ƙwarai, kuma kafin shekarar ta ƙare aka sassauta dokar. Ƙasar gonar da ta saba da takin zamani tana bukatar shekaru kafin ta farfaɗo, saboda haka a tsara sauyin daki-daki: a fara da wasu yankuna, a ƙarfafa juya shuka da wake da dangoginsa masu ƙara wa ƙasa ƙarfi, a ga sakamako kafin a faɗaɗa.

Idan kuwa za a nemi manomi ya bar wani ɓangare na gonarsa ga halittu, to a biya shi, domin amfanin na kowa ne amma asarar tasa ce shi kaɗai. Tarayyar Turai ta ware kashi 25 cikin 100 na kuɗin da take biyan manoma kai tsaye domin ayyukan kare muhalli daga 2023, amma sharaɗin da ta gindaya na barin kashi 4 cikin 100 na gona ba noma bai ɗore ba, an janye shi a 2024 bayan zanga-zangar manoma. A ganina, tayin da manomi ya karɓa da kansa ya fi tilas daɗewa. A kuma zaɓi wuraren da dama ba su cika ba da amfani ba, kamar bakin rafi, da gangare, da iyakar gona. Mai noma gonar haya ko aro ba zai dasa itace ba sai doka ta tabbatar masa zai ci moriyarsa.

Batun iri ya cancanci kulawa ta musamman. A 1970 wata cutar ganye ta lalata kusan kashi 15 cikin 100 na masarar Amurka, saboda yawancin irin da aka shuka jininsu ɗaya ne. Rumbun adana iri na Svalbard da aka buɗe a Norway a 2008 ya nuna amfaninsa a 2015, lokacin da cibiyar binciken noma da yaƙi ya kora daga birnin Aleppo na Siriya ta karɓo irinta daga can. Amma irin da aka adana cikin sanyin rumbu ba ya sabawa da sauyin yanayi, don haka ya kamata dokar iri ta bar wa manoma damar ajiye nasu, su yi musanya, su ci gaba da shukawa.

Wajen auna nasara, kada a tsaya ga girbin shekara guda. A rubuta cikin manufar tun farko cewa za a riƙa duba abin da gona ta bayar a shekarar fari ko annoba, da ƙarfin ƙasa, da yawan maganin da aka fesa, sannan a sake nazarin dokar bisa waɗannan alƙaluma duk bayan 'yan shekaru.